Nixon da Zaɓen 1960: Ya Yi Imani An Yi Masa Sata, Ya Kuma Ƙi Kai Ƙara

Wajen sha biyun dare agogon Kalifoniya, ranar 8 ga Nuwamba 1960, Richard Nixon, mataimakin shugaban Amurka kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, ya sauko daga ɗakinsa a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles, ya tsaya gaban magoya bayansa. Matarsa Pat na tsaye a gefensa tana yaƙe, hawaye na neman ƙwace mata, ga na'urorin talabijin sun saita ta. Maganar da ya yi ba ta kai amsa shan kaye ba, ba ta kuma kai jayayya ba. Cewa ya yi idan alƙaluma suka ci gaba da tafiya yadda suke, to Sanata John Kennedy na jam'iyyar Democrat ne zai zama shugaban ƙasa. Ɗakin ya kaure da ihu, ana cewa kada ya sallama. Ya koma sama ya kwanta. Da gari ya waye ya tura wa Kennedy saƙon tangaraho na taya murna, bai ma fito ya karanta da bakinsa ba, kakakinsa Herbert Klein ya bar wa aikin.

A daidai lokacin da ake karanta wannan saƙo, wayoyin ofishin jam'iyyar Republican sun riga sun fara ɗaukar zafi da labarin maguɗi daga Shikago da Texas. Nixon ya ji labaran, kuma dukkan alamu sun nuna ya yarda da su har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka bai janye taya murnar ba, bai shigar da ƙara da sunansa ba, kuma bayan wata biyu shi da kansa ya tsaya a zauren majalisa ya sanar cewa abokin hamayyarsa ne ya ci.

An daɗe ana ba da wannan labari a matsayin darasin dattako. Akwai dattakon a ciki, ban musa ba. Amma wanda ya bi lamarin daki-daki zai tarar da lissafi ya fi dattakon yawa, kuma lissafin ya fi amfani ga mai son gane abin da ke sa ɗan takara ya rungumi ƙaddara alhali zuciyarsa na ce masa an cuce shi.

Mutum kusan miliyan 69 ne suka kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe, kuma ratar da ke tsakanin Kennedy da Nixon ba ta cika 113,000 ba. In aka raba ta a kan rumfunan zaɓen ƙasar, kowace rumfa ba za ta samu ƙuri'a guda cikakkiya ba. Sai dai a Amurka ba jimillar ƙuri'u ke ba da mulki ba. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe daidai da yawan 'yan majalisunta na tarayya, kuma a kusan dukkan jihohi wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi, shi ke kwashe wakilanta gaba ɗaya. A shekarar wakilan 537 ne, mai son kujera sai ya samu 269. Kennedy ya tashi da 303, Nixon da 219, sauran 15 suka tafi ga Sanata Harry Byrd na Virginia, wanda ko takara bai tsaya ba. Zan dawo kan waɗannan 15 ɗin, domin suna da rawar da suka taka.

Ido ya koma kan jihohi biyu. Illinois mai wakilai 27, wadda Kennedy ya ci da ƙuri'u 8,858 kacal cikin sama da miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai. Da Texas mai wakilai 24, wadda ya ci da kimanin 46,000. Haɗa 27 da 24 ka ɗora a kan 219, ka samu 270. Da jihohin nan biyu sun faɗo hannun Nixon, da shi aka rantsar.

Shikago

Birnin Shikago yana cikin gundumar Cook a jihar Illinois, kuma a lokacin yana tafin hannun mutum ɗaya, magajin gari Richard J. Daley, wanda shi ne kuma shugaban jam'iyyar Democrat na gundumar. Wanda ya san siyasar ubangida ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Dubban guraben aikin hukuma, daga mai shara har mai duba gine-gine, ta hannun jam'iyya ake samunsu. Ma'aikaci na da rumfar da aka ɗora masa, ya san kowane gida a layin, ya san wanda ke neman a gyara masa fitilar titi da wanda ɗansa ke neman aiki. Ran zaɓe in rumfarsa ta kawo adadin da ake so, aikinsa ya zauna. In ta gaza, ya fara neman wata sana'a. A irin wannan tsari ba sai shugaba ya buɗe baki ya ce a yi aringizo ba, kowa ya san abin da ake jira daga gare shi.

A Shikago kusan kashi 89 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito, Kennedy kuma ya ci birnin da ratar sama da 450,000. Ɗan jarida Ben Bradlee, abokin Kennedy, ya ruwaito cewa a daren zaɓen Daley ya shaida wa Kennedy ta waya cewa da ɗan sa'a da taimakon wasu 'yan aminai, Illinois tasa ce. Maganar tana ɗaukar fassara biyu, amma 'yan Republican fassara ɗaya suka yi mata.

Wani wakilin jaridar New York Herald Tribune mai suna Earl Mazo, wanda na kusa da Nixon ne har ya taɓa rubuta tarihinsa, ya tafi Shikago ya bi diddigi. A cewarsa ya ga maƙabartar da sunayen da ke jikin duwatsun kaburburanta suna cikin rajista kuma sun kaɗa ƙuri'a, ya kuma ga wani kangon gida da ba kowa a ciki wanda ƙuri'u 56 suka fito da adireshinsa. Ya tsara jerin rahotanni 12, jaridar ta fara bugawa, wasu jaridu na kwafa.

Akwai abin da masu ba da labarin kan tsallake. Daley yana son Kennedy ya ci, amma ba wannan ne ya hana shi barci ba. A rana guda aka yi zaɓen babban mai gabatar da ƙara na gundumar Cook, kuma mai riƙe da kujerar, Benjamin Adamowski, tsohon ɗan Democrat ne da ya koma Republican ya zame wa Daley ƙarfen ƙafa. A farkon shekarar ofishinsa ya bankaɗo badaƙalar 'yan sandan birnin da ke haɗa baki da wani ɓarawo ana fasa kantuna, kuma kowa ya san kujerar magajin gari yake hari. Kayar da Adamowski ya fi wa 'yan rumfa muhimmanci a kan kowace kujera a Washington. Aka kuwa kayar da shi. Da aka sake ƙirga rumfunan da aka yi zaɓe da takarda, sai Adamowski ya samu ƙarin ƙuri'u kimanin 6,000, Nixon kuwa 943. Wannan bambanci shi ya nuna inda hannun ya fi nauyi. An taɓa akwatuna, ba shakka, amma wanda aka fi nufa daban. Kuma 943 ina, 8,858 ina.

Texas

Mataimakin da Kennedy ya ɗauka, Lyndon Johnson, ɗan Texas ne, kuma yana da tabo. A 1948 ya ci zaɓen fitar da gwani na kujerar sanata da ƙuri'u 87, bayan da kwanaki da gama zaɓe aka gano wasu ƙuri'u kusan 200 a akwati mai lamba 13 a gundumar Jim Wells, waɗanda shaidu suka ce sunayen masu su a jere suke bisa tsarin haruffa, da tawada iri ɗaya. Mutumin da ke da irin wannan tarihi, ko bai yi ba za a ce ya yi.

Labaran 1960 ma ba su taimake shi ba. A gundumar Fannin masu rajista 4,895 ne, ƙuri'un da aka ƙirga 6,138. Masu kare sakamakon sun ce rajistar ta waɗanda suka biya harajin zaɓe ce kawai, tsofaffi kuma an ɗauke musu harajin, don haka suna zaɓe ba tare da sunansu ya shiga wannan jerin ba. Sai kuma matsalar takardar ƙuri'a kanta. A wurare da yawa a Texas ba wanda kake so kake yi wa alama ba, waɗanda ba ka so kake sokewa. Mutane da dama sun soke babban abokin hamayya suka manta da ƙananan jam'iyyu. A wata rumfar a jefar da irin wannan ƙuri'a a ce ta lalace, a wata a ƙirga ta, kuma 'yan Republican sun yi zargin cewa inda suke da ƙarfi aka fi jefarwa.

Zargi mai nauyi ne, amma ina za a kai shi? Dokar Texas ba ta tanadi sake ƙirga ƙuri'un shugaban ƙasa a faɗin jiha ba. Kwamitin da ke tabbatar da sakamako duk 'yan Democrat ne, kai ƙara gare su tamkar ba kura ajiyar nama ne. Jam'iyyar ta garzaya kotun tarayya, alƙali ya ce ba shi da hurumi. Ƙofa ta rufe.

A nan ne lissafin ya tsaya cak. Ko da an yi abin al'ajabi an juyar da Illinois, Kennedy zai rage da 276, har yanzu ya haura 269. Illinois ita kaɗai ba ta kai Nixon ko'ina. Dole sai da Texas, Texas kuwa ratarta ta ninka ta Illinois sau biyar, kuma babu hanyar doka da za a bi a buɗe akwatunanta. Nixon lauya ne. Ya san tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sani da abin da zai iya tabbatarwa gaban alƙali, ya kuma san shari'ar zaɓe ba ta tsayawa kan ko an yi maguɗi, sai an nuna cewa maguɗin ya kai yawan da zai sauya sakamako. Kabari goma da kango ɗaya suna yin kanun jarida mai daɗin karatu, amma ba sa cike ramin 46,000.

Wa ya yi faɗan?

Cewa Nixon ya sallama ba ya nufin jam'iyyarsa ta sallama. Kwana uku bayan zaɓe, shugaban Republican na ƙasa, Sanata Thruston Morton, ya nemi shugabannin jam'iyya a jihohi 11 su bi kadin sake ƙirga. Biyu daga cikin makusantan Nixon, Robert Finch da Leonard Hall, suna cikin waɗanda suka tura mutane bincike. Aka tara kuɗi, aka ɗauki lauyoyi, aka shiga kotuna. A New Jersey an fara sake ƙirga, da aka ga ba abin da ke motsi aka tsaya. A Illinois an ja har tsakiyar Disamba, inda kwamitin zaɓe na jiha, wanda huɗu daga cikin mutum biyar ɗinsa 'yan Republican ne har da gwamna William Stratton, ya tabbatar da nasarar Kennedy ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Ba wanda zai ce waɗannan yaran Daley ne. An gabatar musu da abin da aka tara, suka ga bai isa ba.

Jiha ɗaya tak sake ƙirga ta juyar, kuma ba ta ɓangaren da ake so ba. Hawai, wadda ba ta daɗe da zama jiha ba, an fara ba Nixon ita da ratar 141. Da aka sake ƙirga ta koma hannun Kennedy da 115.

Abin da nake gani a nan rabon aiki ne. Amsa shan kaye a Amurka al'ada ce, ba ta da ƙarfin doka. Saƙon tangaraho ba ya ɗaure hannun kowa. Da binciken jam'iyya ya tono abin da ya isa, babu abin da zai hana Nixon ya ce sabon bayani ya fito. Da bai tono ba, sunan Morton ne a kan takardun, ba nasa ba. Jam'iyya ta shiga taɓo, ɗan takara ya tsaya a kan tudu da farar rigarsa. Masana tarihi sun yi ta saɓani kan ko Nixon ne ya kitsa hakan ko dai ƙyalewa kawai ya yi, amma mutumin da ke iya tsayar da jarida da waya ɗaya, da ya so tsayar da shugaban jam'iyyarsa da ya tsayar.

Jaridar kuwa ya tsayar da ita. A farkon Disamba, bayan rahotanni huɗu na Mazo sun fita, Nixon ya kira shi ofis ya roƙe shi ya bari, yana cewa ƙasar ba za ta iya ɗaukar azabar rikicin tsarin mulki ba. Mazo ya ƙi, sai Nixon ya bi ta wajen shugabannin jaridar, sauran takwas ɗin ba su ga hasken rana ba. A lura da lokacin. An kusa wata guda da zaɓe, alƙaluman sake ƙirga sun fara nuna inda aka dosa. Faɗan da ya tabbata ba riba, ci gaba da shi sai asara.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa da ƙarfi. Kudancin Illinois da ƙauyukanta na Republican ne, kuma nan ma akwai gwanayen akwati. Mazo da kansa ya ce ya je can ya ga maguɗin 'yan Republican, ko da yake a ganinsa bai kai na Shikago ba. 'Yan Democrat sun nuna a fili cewa in za a buɗe akwatuna to a buɗe na kowa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk ɗan takarar da ke shirin tona asirin zaɓe, sai ya fara tambayar kansa me yaransa suka yi a inda suke da iko, kuma sau da yawa amsar ita ke sa a bar kaza cikin gashinta.

A ce ma an yi nasara rabi, kotu ta soke wakilan jihohin biyu ba tare da ta miƙa wa Nixon su ba. Kennedy zai sauko 252, maganar kuma tana iya ƙarewa a Majalisar Wakilai, wadda rinjayenta na Democrat ne. A nan waɗancan wakilai na Byrd ke shigowa. Goma sha huɗu daga cikinsu 'yan Mississippi da Alabama ne, masu kare wariyar launin fata, waɗanda tun farko suka ƙi ɗaure kansu ga kowa da fatan zaɓen zai cije, su zama masu naɗa sarki, su sayar da goyon bayansu ga wanda zai yi alƙawarin barin Kudu ta ci gaba da danne baƙaƙen fata. Rikicin da Nixon zai tayar su zai fara amfana. Ga kuma lokaci: wakilan zaɓe za su zauna 19 ga Disamba, wa'adin Shugaba Eisenhower zai ƙare tsakar ranar 20 ga Janairu, kuma Nixon ya ce an shaida masa cikakkiyar sake ƙirga a gundumar Cook kaɗai za ta ci shekara ɗaya da rabi. Amurkawa ba su manta da 1876 ba, lokacin da rigimar 'yan takarar shugaban ƙasa Hayes da Tilden ta kai sai ana saura kwanaki kaɗan a rantsar aka san wa za a rantsar.

Shekara 47

Dalilin da ya fi kowane kusa da zuciyarsa, Nixon bai ɓoye shi ba. A tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1978 ya rubuta cewa da ya nemi a sake ƙirga aka kuma tarar Kennedy ne dai ya ci duk da maguɗin, da sunan wanda bai iya faɗuwa ba ya bi shi har cikin tarihi, da kuma siyasarsa ta ƙare ke nan. Ban san wani bayani da ya fi wannan fitowa fili ba daga bakin ɗan siyasa. Shekarunsa 47. Ya samu ƙuri'ar mutum sama da miliyan 34, ya ci jihohi 26, fiye da na wanda ya kayar da shi. Wannan jari ne. Mutum mai shekara 75 da ya san wannan ce takararsa ta ƙarshe yana iya ƙona komai, don ba abin da yake ajiye wa gobe. Mai 47 kuwa yana kallon 1964 da 1968.

Kuma sallamawar ta ba shi abin da kotu ba za ta taɓa ba shi ba. Da ya je shari'a ya faɗi, da an rufe maganar da hukunci: an duba, ba a samu ba. Da yake bai je ba, maganar ta zauna a buɗe har abada. A wurin 'yan jam'iyyarsa ya zama wanda aka zalunta ya yi haƙuri, a wurin sauran jama'a ya zama wanda ya fifita ƙasa a kan kansa. Zargin da ba a gwada ba ba ya mutuwa.

Wannan ba ya nufin maganar ƙasa ƙarya ce. Shekarar 1960 ba shekarar wasa ba ce. A watan Mayu Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka ta kama matuƙinsa da rai, taron ƙoli na shugabannin manyan ƙasashe a Faris ya watse. Castro ya kafu a Kyuba, ɗan taƙi daga gaɓar Florida. Birnin Balin na Jamus na tsakiyar ja-in-ja, Kwango ta rikice. A wannan shekarar ƙasashen Afirka 17 suka karɓi mulkin kai, ciki har da Nijar a watan Agusta da Nijeriya a watan Oktoba, kuma Amurka da Sobiyet kowace na zawarcinsu. Nixon ya san wannan fage, shi ya wakilci ƙasarsa a bikin 'yancin Ghana a 1957. Hujjar da ya bayar ita ce, in Amurka ta shafe watanni tana gardamar ko an sace kujerar shugabanta, me za ta ce wa ƙasashen da ke koyon zaɓe, inda duk wanda ya faɗi zai samu abin kafa hujja? Mutum na iya murmushi da jin wannan daga ƙasar da a lokacin take hana miliyoyin baƙaƙen fatarta na Kudu zaɓe da haraji da jarrabawar karatu da barazana, wanda shi ne maguɗi mafi girma a zaɓen 1960 kuma ba wanda ya kai shi kotu da sunan Nixon ko Kennedy. Amma tsoron ɓaraka a idon duniya na gaske ne, kuma manyan ƙasar sun ji shi.

Su ne ma suka shiga tsakani. Mahaifin Kennedy, Joseph, ya kira tsohon shugaban ƙasa Herbert Hoover, dattijon Republican mai shekara 86, shi kuma ya kira Nixon ya ce duniya na cikin isasshiyar fitina, ana buƙatar a nuna haɗin kai. Ranar 14 ga Nuwamba, kwana shida bayan zaɓe, Kennedy ya taka ya je wurin Nixon a Key Biscayne da ke Florida inda yake hutawa. Wanda ya ci ne ya je gaida wanda ya faɗi. Aka gaisa gaban masu ɗaukar hoto, hoton ya zaga duniya. Bayan wannan hoto, fitowa a ce ɓarawo ne ya yi wuya. Kennedy kuma ya saka da nasa, ya ba ɗan Republican Douglas Dillon ma'aikatar kuɗi.

Wani abu da ya sauƙaƙa duk wannan, wanda saboda sabo da shi ba a cika ambatonsa a labarin ba: Nixon bai ji tsoron abin da zai same shi bayan ya sauka ba. Ba wanda zai kama shi, ba wanda zai ƙwace masa gida. Ya koma Kalifoniya ya shiga wani kamfanin lauyoyi, ya samu kuɗin da bai taɓa samu a gwamnati ba. Inda faɗuwa zaɓe ke nufin kurkuku ko gudun hijira, wannan lissafin gaba ɗaya yana canzawa.

6 ga Janairu 1961

Tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa shugaban Majalisar Dattawa buɗe takardun wakilan zaɓe gaban majalisun biyu, shugaban Majalisar Dattawa kuwa shi ne mataimakin shugaban ƙasa. Don haka Nixon ne ya hau kujera ya jagoranci ƙirgar faɗuwarsa. Da aka zo kan Hawai sai ga takardu masu karo da juna, akwai mai ba shi wakilai uku bisa ƙirgar farko, akwai mai ba Kennedy bisa hukuncin kotu. Yana da damar jan magana. Sai ya ce, ba da nufin kafa misali ba, yana ba da shawarar a ƙirga na Kennedy. Ba wanda ya yi jayayya. Ya karanta jimilla, ya faɗa wa 'yan majalisa cewa shekara ɗari ke nan rabon da ɗan takara ya sanar da sakamakon zaɓen da aka kayar da shi, ya yi wa Kennedy da Johnson fatan alheri. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi, har da 'yan Democrat.

Ana tafi, na ciki na ciki. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa a wata liyafar Kirsimeti makonni kaɗan kafin wannan rana, yana gaya wa baƙinsa cewa su suka ci aka sace musu. A 1962 ya nemi gwamnan Kalifoniya ya faɗi a hannun Pat Brown, a nan haƙurin ya ƙare, ya fito ya zazzage wa 'yan jarida cikinsa yana cewa daga yau ba su da Nixon ɗin da za su riƙa shuri. Kowa ya ce ya gama. A 1968 ya dawo ya kayar da Hubert Humphrey, jarin da ya ajiye a 1960 ya biya. Sai dai ya shiga fadar White House da darasin da ya ɗauka daga Shikago, cewa abokan hamayya ba sa wasa da tsabta kuma ba za a sake shammatarsa ba. A watan Yunin 1972 aka kama mutanen da ke da alaƙa da kwamitin yaƙin neman zaɓensa sun fasa ofishin Democrat a ginin Watergate, a shekarar da ya ci jihohi 49 cikin 50, zaɓen da ko hannu bai ɗaga ba zai ci. Wannan badaƙala ce ta sa ranar 9 ga Agusta 1974 ya ajiye mulki.

A Shikago kuwa an naɗa mai bincike na musamman, Morris Wexler, wanda a 1961 ya gurfanar da sama da mutum 600 daga cikin malaman zaɓe da 'yan rumfa. Aka ɗauko alƙali ɗan Democrat daga kudancin jihar, ya yi watsi da tuhume-tuhumen. A 1962 mutum uku suka amsa laifi aka yi musu ɗauri na ɗan lokaci. Adamowski ya nemi kujerar magajin gari a 1963 ya faɗi. Daley ya ci gaba da riƙe birnin har ranar da ya mutu, a watan Disambar 1976.